Kubewar Inna da Famfon Aro

Shekara talatin da ɗoriya na yi a waje kafin na dawo gida Ƙanƙara na zauna. Fataucin goro ne ya fara fitar da ni ya kai ni Kumasi, daga can na yi Abijan, na zauna Kamaru, na ratsa Sudan, na ƙarasa da 'yan shekaru a Jidda. A yawon nan na tsinci harsuna, wasu na riƙe su sosai, wasu iyakarsu gaisuwa da ciniki. Dangi kan kawo mini takardar asibiti ko kwalin magani in karanta musu, su yi ta sa albarka. Mutum ɗaya ce abin bai taɓa burge ta ba, wato taubashiyata.

Ita 'yar kawuna ce, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawanta nake. Ta girme ni da shekara biyu kacal, amma takan faɗe su kamar ashirin. Ta yi aure, ta haifa, ta aurar, ta je Makka, mijinta ya rasu, ni kuma furfura ta cika mini gemu, duk da haka in na yi sallama a gidanta abin da nake fara ji shi ne, "Wa nake ji kamar bawana?"

A wani ɗan ƙauye kusa da Tafoki ta yi rayuwarta. Da zama ya yi wuya a wajen, mutane suka riƙa tashi gida-gida, ita ma ta kwashe abin da za ta iya ɗauka ta koma Mairuwa, wani ƙanin mijinta ya ba ta ɗaki biyu da ɗan fili a bayansu. Cikin kayan da ta fito da su akwai ƙullin tsumma da bai kai dunƙulen hannu ba. Irin kubewa ne na mahaifiyarta, wadda dukanmu muke kira Inna. Kubewa ce gajera mai kauri, bakinta da ɗan ja-ja, ga yauƙi, in an shanya ta ba ta baƙi. Na ci kubewa a ƙasashe da yawa, akwai doguwa kamar yatsa a Sudan, akwai mai gashi a Kamaru, ban ga irin wannan a ko'ina ba. Inna a wajen tata uwar ta same ta, kuma ba a sayar da ita a kasuwa.

Daminar farko a Mairuwa Hajiya ta shuka rabin irin, awakin maƙwabta suka keta danga suka cinye shi tun yana ganye huɗu. Damina ta biyu ta gyara danga da ƙaya, ta shuka ragowar duka. Guda goma sha huɗu suka tsiro. Ba ta da ko ƙwaya ɗaya a ajiye, waɗanda suka san irin a ƙauyen kuma kowa ya yi nasa wuri.

Wata safiya ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Bawana, ka taso. Ƙwari za su cinye mani Inna."

Na biya kasuwa wajen wani mai sayar da magungunan gona, na kwatanta masa abin da ta faɗa mini. Ya miƙo mini wata kwalba da ta shigo ta wajen Maraɗi, rubutun jikinta duk Faransanci. Na sa tabarau na karanta a tsaye. An ce tana kashe ƙwarin ganye, an jera sunayen kayan lambu, an faɗi awo. Na saya, na shiga mota ina jin kamar na riga na gama aikin.

Na tarar da ita a bayan ɗaki, ta ɗaure zani tamau, tana duƙe. Filin bai fi faɗin ɗaki huɗu ba, amma ba abin da babu: tumatir, tattasai, yakuwa, kabewa tana yaɗo a gindin danga, masara 'yar kaɗan a jere, kubewar kasuwa kunya biyu, sai kubewar Inna a kunyarta ita kaɗai can tsakiya. Ƙwarin ƙanana ne baƙaƙe, kana kai hannu su yi tsalle. Sun huda ganyen kubewar ya koma kamar rariya.

Na ciro kwalbar na ɗaga mata.

"Hajiya, kwantar da hankalinki. Ga maganinsu. Yau ɗin nan za mu feshe su duka."

Ta karɓa, ta juya ta, ta buɗe ta sansana daga nesa, ta yamutsa fuska.

"Mi aka rubuta?"

"An ce ana fesa wa tumatir, da tattasai, da kabeji, da kubewa."

"Kubewar wa?"

"Kubewa dai, Hajiya."

"Wanda ya rubuta ya san Inna?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce ba a zuba wa lambu abin da ba a ɗanɗana ba. Ta ce ko ita in za ta sa gishiri a tukunyar biki sai ta ɗiba a ludayi ta gwada tukuna, balle abin da aka ɗuro a kwalba daga ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba. Kowace shuka da irin fatarta. Abin da masara za ta shanye ta yi ƙiba, kabewa na iya kwana a kansa ta tashi a ƙone. Za a fesa wa tushe ɗaya daga kowane iri, a yi masa alama, a jira kwana uku.

"Kwana uku? Ki dubi ganyen nan. Kafin kwana uku ai sun gama da ita."

"In sun ci, rabi za su ci. Kwalbarka in ta ci, duka za ta ci. Tashi ka aro mani famfo, aikin bawa ke nan."

Famfon feshi ɗaya ne a unguwar, irin wanda ake goyawa a baya, na wani dattijo maƙwabcinta da kowa ke kira Malam. Famfon nan ya fi mai shi sanin gidajen unguwa. Yau yana nan, gobe yana can, ba a taɓa jin Malam ya hana kowa ba. Na same shi a zaure bayan azahar. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini fura mai sanyi. Da na faɗi abin da ya kawo ni, bai bari na rufe baki ba ya shiga ya ɗauko da kansa, har yana goge masa ƙura da hannun riga. Da na ɗaga murfin, wani ɗan wari mai kaifi ya bugi hancina. Tambaya ta zo mini har baki, in ce Malam, me aka zuba a ciki na ƙarshe? Sai na dubi ƙwaryar furar da na shanye, na dubi fuskarsa, na ji nauyi. Mutum ya ba ka kayansa da hannu biyu, ka tsaya kana yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda? Na yi godiya na saɓa famfo na fito.

Kafin na dawo Hajiya ta yayyaga wani tsohon zani da tsohuwar riga, ta tara tsummoki kala uku. Ja na maganin kwalba ne. Baƙi na nata haɗin, ganyen bedi, wato darbejiya, da ta daka ta jiƙa tun jiya ta sa masa ɗan sabulun salo. Fari kuwa na ruwa ne zalla.

"Ruwa kuma? Hajiya, ruwan ma sai an ɗanɗana?"

"Rijiyar gidan nan ban san halinta ba. Ruwanta na da kanwa-kanwa. Baƙuwa nake a wajenta, ita ma baƙuwa ce a wajena."

Muka jira rana ta yi sanyi bayan la'asar, ta dubi gabas ta ga babu hadari. Na ɗauraye famfon sau ɗaya, na ɗaure hanci da rawani, na goya. Muka fara da ruwa, sannan bedi, sannan kwalba. Tana gaba tana nuna mini tushen da zan fesa wa, ina fesawa tana ɗaura tsumma. Tumatir uku, tattasai uku, yakuwa uku, haka har masara. Da muka iso kunyar Inna ta tsaya. Ta daɗe tana dubansu. Ta zaɓi wadda ta fi kowace ƙanƙanta a bakin kunya, ta tare sauran da faifai da jikinta.

"Wannan kaɗai. Kwalbar za ka sa mata. Kuma ka sassauta hannu, ba gobara kake kashewa ba."

Kwana ukun nan a Mairuwa na yi su, a ɗakin baƙi na ƙanin mijinta. Kowace safiya tun raɓa ba ta bushe ba muna bayan ɗaki. Ta tankaɗe toka mai sanyi, muna barbaɗa wa kubewar a kan ganye, ƙwarin su ɗan ja da baya, rana na ɗagawa su dawo. Ta hana ni leƙa masu tsumma. Ta ce idona na da gaggawa.

Ran na uku da hantsi ina shan koko ta leƙo.

"Alhajin Faransa, taso ka karanta mani wani rubutun."

Ta kai ni gaban tumatir mai jan tsumma. Kansa ya murɗe, sababbin ganyen sun nannaɗe sun zama sirara kamar igiya. Yakuwa mai ja ita ma haka. Kubewar kasuwa ganyenta ya kife kamar ludayi. Masara ce kaɗai ke tsaye abinta kamar ba a yi komai ba. Sannan ta kai ni kunyar tsakiya. 'Yar ƙaramar nan ta Inna ta sunkuyar da kai, wuyanta ya karkace.

Na tuna yadda na tsaya a nan ina cewa yau za mu feshe su duka. Na ciro tabarau da kwalba na sake karantawa, layi-layi, har ƙananan rubutun ƙasa. Ban ga inda na yi kuskure ba, wannan ya ƙara rikita ni.

"Wallahi Hajiya awon da suka ce shi na sa."

"Uhm."

"Ko jabu aka sayar mini?"

"Uhm. Karanta dai. Ko da Larabci za ka gwada, ko za ta fi jin shi?"

Ta bar ni ina ta jujjuya kwalbar. Sannan ta kama hannun rigata ta ja ni baya kaɗan.

"To rufe kwalbar. Dubi mai baƙin tsumma."

Ya murɗe.

"Dubi mai fari."

Shi ya ma fi kowa murɗewa.

"Bedina na san shi, shekara nawa ina sa shi bai taɓa yi mani haka ba. Ruwan rijiya, na juye ragowar bokitin a gindin wancan tumatir na ƙarshe, ga shi nan lafiya lau. Abu uku daban-daban, ciwo iri ɗaya. Mi ya haɗa su?"

Na riga na sani tun kafin ta rufe baki.

"Bawana, da ka aro famfon, ka tambaya?"

"Ban tambaya ba."

"Ka ji wari?"

"Na ji."

"Ya ba ka fura ko?"

"Ya ba ni."

Sai ta fashe da dariya har tana riƙe danga, ga hawaye a idonta, ban san na dariyar ne ko na kubewar ba. Ta ce ita ma da ita ta je, ba za ta iya tambaya ba. Ta ce shi ya sa ta aike ni, tana zaton wanda ya zaga duniya kunyarsa ta ragu.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne ba jahilci ya jawo ba. A ƙasar Asante na ga manoman koko da famfo biyu, na ciyawa an shafa masa fenti don kada a haɗa. A Sudan na ga masu lambu a bakin gonakin auduga suna rige-rigen rufe kayansu da tabarmi in za a yi feshi. A Jidda na ga ma'aikacin lambu ya tambayi maigidansa ido da ido abin da aka zuba a tanki, ba wanda ya ji komai. Duk na gani, duk na sani. Amma na dawo gida na zauna a zauren dattijo, tambaya ɗaya tak ta gagare ni.

Malam ya ji labari kafin azahar, ya zo da kansa. Ya tsaya a bakin danga yana salati. Ya ce kwana biyu kafin na zo ya fesa maganin ciyawa a gonarsa ta masara, irin mai kashe faffaɗan ganye ya bar hatsi, kuma ya ɗauraye famfon har sau biyu.

"Hajiya, da an tambaye ni ai da na faɗa. Ni kuma na ji nauyin in ce wa Alhaji ya wanke, kada ya ga kamar ina koya mashi aiki."

"Ka ji su," in ji ta. "Wannan na jin nauyin wancan, wancan na jin nauyin wannan, Inna na tsakiya tana shan wuya. Malam, ba komai. Guda ɗaya ce. Da na biye wa wanga da yanzu zaman makoki muke."

Tun daga ranar, in Malam ya zuba maganin ciyawa a famfonsa, sai ya ɗaura masa jan tsumma a hannu. Mai aro ya gani ya gane, ba wanda ya tambayi wani.

Amma matsalarmu tana nan. Saura goma sha uku, ƙwari na ci, kuma har yanzu ba mu san halin kwalbar ba, don famfon ya ɓata gwajin. Na ce tunda mun gane ba laifinta ba ne, a yayyafa kawai. Hajiya ta ce ba mu gane komai ba, mun dai gane laifin famfo. Za a sake, wani kwana ukun.

A nan muka yi faɗa na gaske, irin wanda ba wasan taubasai a ciki. Na ce taurin kanta zai kashe abin da take son cetowa. Ta ce in na gaji ga hanyar Ƙanƙara nan. Na shiga ɗaki na ɗauki jakata, na fito har ƙofar gida, na tsaya. Ina jin ta a baya tana tankaɗen toka ita kaɗai. Na mayar da jakar na zagaya.

"Ka yi mantuwa ne?"

"Miƙo faifan."

Wannan karon ba famfo. Sabuwar tsintsiya ta kwance, ta ɗauki bokiti biyu da ta wanke da hannunta. Ɗaya cikakken awon da aka rubuta, ɗaya rabin awo. Sauran shuke-shuken ta yayyafa wa tushe-tushe kamar da. A kunyar Inna kuwa ba ta yarda ta ba da tushe guda ba. Ganye biyu ta zaɓa a jikin uwa ɗaya, na dama ta shafa masa cikakke, na hagu rabi, ta ɗaura musu zare.

Kwanakin nan uku sun fi na farko tsawo. Ran na biyu aka yi yayyafi da rana, ta fito da gudu ta kifa ƙwarya a kan mai zaren. Toka ta wanke, ƙwari suka dawo da ƙarfinsu. Biyu daga cikin ƙananan suka bushe a tsaye, ba sauran ganye a jikinsu sai jijiya. Ta tumɓuke su, ni kuma ban ce ai na faɗa ba. Muka zauna a kan turmi da kujera 'yar tsuguno tana ba ni labarin yadda Inna ke shanya kubewa a kan rufin rumbu, tana korar mu da zabori in mun je sata. Ta tuna mini ranar da na faɗo daga rumbun na fasa leɓe, na ce wa kawu jaki ne ya harbe ni. Ni na manta, ita ba ta manta ba.

Ran na uku muka duba tare. Tumatir da tattasai da yakuwa ba abin da ya same su, ko mai cikakke ko mai rabi. Kubewar kasuwa ma lafiya. Kabewa mai cikakken awo ta yi tabo-tabo kamar an ɗiga mata ruwan zafi. Ganyen Inna na dama gefensa ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, ya fara naɗewa. Na hagu kore shar, kuma da ta ɗaga shi a rana ta ƙirga hudojin, ba sabo ko ɗaya.

Ta dube ni. Na ce, "Faɗi, ina ji."

"Ba abin da zan ce. Kubewa dai, Hajiya." Ta kwaikwayi muryata har da gyaran tabarau.

Da yamma muka haɗa rabin awo. Malam ya riƙe bokiti, ni na tare iska da tabarma, ita ta yayyafa wa goma sha ɗayan da tsintsiya, tushe-tushe, tana bismilla a kan kowace. Kabewa kuwa, Hajiya ta ce a bar ta da bedi. Kashegari na koma gida.

Ban sake zuwa ba sai bayan kaka. Goma suka yi 'ya'ya, ɗaya ta tsaya ba ta yi komai ba. Duk daminar Hajiya ba ta yanki ko ɗaya ta sa a miya ba, kubewar kasuwa ta yi ta ci tana ƙorafi. Ta bar su suka bushe a jikin uwa har suka fara tsagewa da kansu. Na tarar ta baje su a faifai tana murzawa, ƙwayoyin na zubowa suna ƙara kamar tsakuwa. Sun kusa cika ƙaramin kwano.

Ta kasa su kashi huɗu. Ɗaya nata. Ɗaya na 'yarta da ke aure a Sabuwa. Ɗaya na wata ƙawarta da suka taso ƙauye ɗaya, yanzu tana Yargoje. Ta ce ba za ta sake barin Inna a gida ɗaya ba. Na huɗun ta ƙulle a leda, ta sa a tsumma, ta riƙe a hannu tana dubana.

"Kana da danga?"

"Katanga ce ma, ta bulo."

"Awaki fa?"

"Ba ni da ko ɗaya."

"Ba don ka iya na ba ka ba. Don gidanka na da nisa da nawa ne."

Na miƙa hannu biyu na karɓa, na sa a aljihun gaba na rigata. Bana damina ta uku ke nan ina shuka ta a bayan ɗakina, kuma bara maƙwabta biyu sun karɓi iri a wajena.